Girkin Haɗaka a Badariya: Ra'ayina Kan Tsarin

A unguwar Badariya da ke Birnin Kebbi akwai wata dattijuwa da ke girka abincin dare ga ƙawaye da maƙwabta waɗanda suka haɗa kuɗinsu wuri guda, kuma gidanmu na cikin masu cin tukunyarta tun bayan ƙaramar salla. Tsarin kamar adashi yake: kowace uwargida ta zuba kasonta a farkon wata, a sayi shinkafa buhu guda maimakon awon kwano, a biya mai girki ladanta, ita kuma ta zuba wa kowane gida a kularsa daga Litinin zuwa Alhamis. Yawancinmu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti, waɗanda kan dawo gida a gajiye, ga kuɗin gas da na cefane da suka yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a 2023.

Hannunta a tuwon shinkafa ya cancanci yabo. Shinkafar gida take amfani da ita, irin ta fadamar Argungu, tana bari ta nuna luguf kafin ta tuƙa, shi ya sa malmalar ba ta yin gudaji ko ta kwana. Miyar kukarta tana jin daddawa da busasshen kifin Yawuri, ba ta cika mata dunƙulen magi don ɓoye ƙarancin kayan haɗi ba, kuma man shanu a ƙaramin mazubi daban take sa shi saboda masu hawan jini. Wannan kulawar ta fi komai burge ni, domin surukata tana tare da mu. Dambun ranar Laraba kuwa matsakaici ne, zogalen yakan yi kaɗan.

Inda nake da ƙorafi shi ne kawowa. Ɗan kabu-kabu guda ne ke zagaya gidajen duka, don haka wanda ke can unguwar Gesse wani lokaci sai bayan sallar isha'i kularsa ke isowa, yara sun fara gyangyaɗi. Mun roƙi a riƙa tashinsa kafin magariba, an ɗan samu sauƙi, amma matsalar ba ta kau ba.

Ina ba da shawarar tsarin ga gidajen da ke kusa da juna, da sharaɗin su daidaita kan yawan yaji da ranar biyan kuɗi tun kafin a ɗora tukunyar farko, domin jinkirin mutum ɗaya yana taɓa cefanen kowa.