Gargaɗi ga Masu Neman Camry SE, Accord Sport da C300 a Kano

Jama'a a yi hattara. Akwai wata damfara da ake yi wa magidanta masu son mota mai ƙofa huɗu, wadda za ta kai yara makaranta ta ɗauko cefane, amma kuma idan aka hau titin Zariya aka taka ta, ta amsa. Irin su Camry SE, Accord Sport ko mai V6, Mercedes C300 Sport da Lexus IS250. Da yake waɗannan sun fi 'yan uwansu na gama-gari tsada, wasu marasa tsoron Allah sun gano cewa ya fi riba su haɗa motar da hannunsu maimakon su sayo ta gaske.

Ga yadda abin yake. Ana sayen mota a gwanjon kamfanonin inshora na Amurka, wadda ta yi haɗari ko ta sha ruwa har inshora ta ce gyaranta bai biya ba. Yawanci mai ƙarancin daraja a jerinta ake zaɓa, kamar LE a Camry ko LX a Accord. Idan ta sauka, fanabita ya miƙe bodi, mai fenti ya fesa, a sa mata bamba da giril da rim na mai tsadar, a manna tambarin SE ko Sport a bayan but. Rewaya ya kashe fitilun gargaɗi, mai kwamfuta ya mayar da mil baya. Sai a wanke ta, a shafa wa tayoyi mai sheƙi, a ɗauki bidiyo a sa a Facebook ko TikTok ko status: "Direct Beljiyam, fentin kamfani, ba haɗari, zuba mai ka tafi." Gyara motar haɗari a sayar ba laifi ba ne, dillalai masu mutunci da yawa suna yi, kuma za su gaya maka, "Alhaji, an taɓa ta a gaba, ga hotonta na gwanjo, ga kuɗinta." Ɓoyewar ce zamba, da karɓar kuɗin lafiyayya a kan marar lafiya.

Abu na farko da ke tona asirinsu lambar chasis ce. Haruffa da lambobi 17 ne, babu I, babu O, babu Q a ciki. A motar da aka yi don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar motar: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015. Don haka idan an ce maka C300 ta 2012 ce amma ka ga 8 a gurbi na goma, fuska kawai aka canja mata. A wannan Mercedes ɗin ma cikinta yakan fallasa: sauyin da kamfanin ya yi a samfurin 2012 ya haɗa da dashbod, kuma masu canja fuska ba kasafai suke kashe kuɗi su canja shi ba. Ka duba lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka duba sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, sannan a jona kwamfuta a karanto wadda ke cikin birenbos, wato kwamfutar motar. Dole ukun su zama ɗaya, kuma su dace da ta takardun kwastam harafi da harafi. Bambancin harafi ɗaya ba "kuskuren taifin" ba ne, ko da an rantse maka.

Kafin ka bar gida ma, ka ce a turo maka lambar. Ka rubuta ta a Google yadda take. Motocin da suka bi ta gwanjon Copart ko IAA sau da yawa hotunansu na nan a intanet, da mil ɗin da suke da shi ranar da aka sayar, da irin lalacewar. Ka ga mota a hoto gabanta ya shige har gilashi, jakunkunan iska a fashe, mil 190,000, yanzu kuma ga ta a Kano da mil 82,000 "ba haɗari", magana ta ƙare. Rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck na kuɗi ne, amma ka saya da kanka. Kar ka karɓi wanda mai mota ya turo maka a hoto, gyara shi ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda kuwa ya ƙi ba da lambar, ko ya rufe ta da takarda a bidiyo, ya riga ya amsa maka tambayar.

Sai batun ko SE ɗin ta gaske ce. A nan masu haɗi suna mantawa da ƙananan abubuwa. Sitikar taya da ke ginshiƙin ƙofar direba tana faɗin girman tayar da motar ta fito da ita daga kamfani. Camry ta 2012 zuwa 2014, LE tana zuwa da 205/65R16, SE mai silinda huɗu 215/55R17, SE mai V6 kuma 225/45R18. Idan sitika ta ce 16 amma motar na tsaye kan rim 17 da tambarin SE, LE ce ta yi ado. SE ta waɗannan shekarun tana da sitiyari mai ƙafa uku da 'yan maɓallan canja giya a bayansa. A Camry ta 2007 zuwa 2011, wadda ake ce wa Muscle, kujerar bayan SE ba ta kwanciya, saboda akwai ƙarfen ƙarfafa bodi a bayanta. Idan ka ja ta kwanta, ba SE ba ce. Accord Sport ta 2013 zuwa 2015 da rim 18 ta fito da salansa biyu, LX kuwa rim 16. Leƙa ƙarƙashi ka ga ko bututun na biyu yana haɗe da wani abu, ko walda kawai aka yi masa a jikin bamba don ido. Bambancin ba na kwalliya kaɗai ba ne: a Camry, shokozoba da sifirin na SE sun fi tauri, kuma su ne abin da kake biya.

Inda ya fi ban tsoro shi ne jakar iska, domin iyali za ka ɗauka. Sabuwar jaka da bel da na'urar da ke sarrafa su kuɗi ne mai yawa, don haka sai a rufe gurbin da murfi wayam, a sa ɗan resisto mai ohm biyu zuwa uku a wayar, kwamfutar motar ta zaci jakar na nan. Wasu kuma su cire ƙwan fitilar, ko su like ta da baƙin tef ta ciki, ko su haɗa ta da fitilar baƙin mai. Gwajin mai sauƙi ne. Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kar ka tayar da inji. Fitilar jakar iska ta kama, ta yi kamar daƙiƙa 6, ta mutu da kanta. Ta inji kuwa ta tsaya har sai an tayar. Idan ta jakar iska ba ta kama ba sam, an cire ta. Idan ta ƙi mutuwa sai lokacin da inji ya tashi, ta mutu tare da ta baƙin mai a lokaci guda, haɗi ne. Resisto kuwa ba ya nunawa a fitila, sai an kwance. Ka lura da murfin sitiyari ko launinsa ya bambanta, da dashbod ta gefen fasinja ko an sake lulluɓe ta da fata. Idan hoton gwanjo ya nuna jaka a fashe, ka ce a buɗe a gabanka ka gani da idonka, kuɗin aikin a kanka. Mai gaskiya ba zai hana ba.

Motar ruwa ta fi ta haɗari sharri, don ta haɗari ana ganin ciwonta. Guguwa irin Sandy a 2012, Harvey da ta mamaye Houston a 2017, da Ian a Florida a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, kuma irinsu kan ƙare a gwanjo. Ruwa, musamman na gishiri, yana cin wayoyi da soket a hankali. Motar za ta yi lafiya wata uku, sai gilashi ya ƙi sauka, sai giya ta maƙale a ta uku, sai ta mutu a tsakiyar gadar Ƙofar Nasarawa ba dalili. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba layin datti ko fumfuna. Ka ɗaga kafet ta gefen ƙafar fasinja ka taɓa soson da ke ƙasa. Ka haska tocila a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, da ƙarafan da ba a yi wa fenti ba a ƙarƙashin dashbod, da ramin safaya taya. Tsatsa a can, ko busasshen laka, ko kore-kore a bakin soket, alama ce. Turare mai yawa a mota da aka rufe gilasanta ma abin tambaya ne.

Ka je da safe, ka ce kar a tayar da ita kafin ka zo, ka taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa. Ƙarar inji da hayaƙi sun fi fitowa a tashin farko, shi ya sa ake ɗumama ta kafin mai saye ya iso, wani lokaci a zuba baƙin mai mai kauri ya rufe ƙarar. Ka zo da naka bakanike da naka mai kwamfuta, ba wanda dillali ya kira ba. Kuma kar a tsaya a "ba kod", wato kwamfuta ba ta nuna lambar wata matsala ba. Goge kod danna maɓalli ne. A duba ko na'urorin gwajin kai na motar sun nuna sun kammala, da nisan da ta yi tun da aka goge. Idan kilomita 4 ne, jiya ko yau aka goge. A tuƙa ta aƙalla rabin awa, a shiga cunkoso da AC a kunne, a fita Eastern Bypass a taka, sannan a sake jonawa. Kod ɗin P0420 na nuna katalis, abin da makanikai ke kira indomi, ya mutu ko an fasa an sayar. Fanka da ke juyawa tun daga murɗa makulli tana nufin an haɗa ta kai tsaye, galibi an cire tamostat, kuma sau da yawa zafin inji ake ɓoyewa. Da inji a sanyi, a buɗe murfin lagireto a tayar. Kumfa mai tasowa ba tsayawa na nuna gasket ɗin kai ya ƙone. Fenti kuwa, na kamfani yakan tsaya tsakanin maikiron 80 zuwa 180 a na'urar awo. Wuri ya haura 300 an sake fesawa, maganaɗisu ya ƙi kamawa a wurin da ba alminiyam ko roba ba, fila ce.

Ko motar ta gaske ce, kowace da lalurarta, kuma mai zamba ba zai ambata ba. Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da shan baƙin mai saboda ringin fistin. Accord V6 tayimin bel gare ta, ba sarƙa ba, ana canja shi wajen mil 105,000 ko shekara bakwai, idan ya tsinke bawul sun lanƙwashe. Motar da aka mayar wa mil baya za ta sa ka zaci da sauran lokaci. Accord mai silinda huɗu ta 2013 zuwa 2017 mai otomatik giyar CVT ce, man HCF-2 take sha, a zuba mata man giya na gama-gari a gama da ita. C300 tana da matsalar makullin sitiyari na lantarki da ke hana ta tashi kwatsam, mai 4MATIC kuma, wadda ke ja da tayoyi huɗu, tana son tayoyi huɗu masu kai ɗaya. IS250 tana tara baƙin gawayi a bawul, dashbod ɗin na shekarun farko kuma yana yin danƙo a zafi, ka san kuwa zafin Kano a watan Afrilu. Ka ƙara da cewa siririyar taya a kan rim 18 da ramukan unguwa a damina ba sa jituwa. Kafin ka biya, ka shiga Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin shokozoba da rim da fitilar gaba na wannan samfurin.

Takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka 'yar Kwatano da aka ce "takardu na hanya" abin gudu ce. Takardar kwastam ta jabu, ko ta wata motar da aka canja wa lamba, ko wadda aka biya kuɗin fito na tsohuwar shekara a kan sabuwar mota, duk mai saye ne ke kwana ciki ranar da jami'ai suka tsayar da shi a hanyar Kaduna. Ka kai lambar takardar da lambar chasis ofishin kwastam na Kano da Jigawa a tantance kafin kuɗi su fita. Idan mai lambar rajista ce, a duba lambar a rumbun FRSC, hukumar kiyaye haɗurra, a duba rajistar motoci ta 'yan sanda ko an kai rahoton sace ta, sunan da ke takardar mallaka kuma ya dace da katin shaidar mai sayarwa.

Akwai kuma waɗanda ko motar ba su da ita. Bidiyon wani suke ɗauka su sa farashi ƙasa da kasuwa, su ce tana Legas ko a gwanjon kwastam, "ranka ya daɗe, turo kafin alƙalami in riƙe maka, wani Alhaji na hanya." Cinikin biri a sama ke nan. Wani salon ya fi wayo: ɗan damfara ya gaya wa mai mota na gaske cewa ƙaninsa zai zo dubawa, kai kuma ya gaya maka yaronsa ne zai nuna maka, ya gargaɗi kowannenku kar ya yi maganar kuɗi da ɗayan. Ka ga mota, ka ga takardu, ka tura kuɗi asusun wanda ke waya, ya kashe layi. Don haka ka tambayi wanda ke riƙe da makulli kai tsaye: motar wa ce, nawa ne, wane asusu? Kuɗi su tafi ta banki zuwa sunan da ke takarda ko sunan kamfanin dillancin, la'adar dillali daban. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a sa lambar chasis da mil da shekara, a rubuta ƙarara abin da mai sayarwa ya ce game da haɗari, ruwa, jakar iska da kwastam, ya sa hannu. Wanda aka riga aka cuta ya adana hirar WhatsApp da bidiyon talla da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa a ranar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, kuma kar ya taɓa gyara komai a motar sai wani bakanike daban ya duba ya rubuta abin da ya gani.