Gargaɗi ga mutanen Kumasi kan matar da ke sa wa yara wayar haƙori ta jabu

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan ne domin mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba da sauran unguwanninmu na Zango su san cewa akwai wata mata a Kumasi da ke kiran kanta likitar haƙori, tana tallar wayar daidaita haƙora ta seramik a TikTok da WhatsApp, alhali ita ba likita ba ce, kuma abin da take manna wa yara a baki ba seramik ba ne. Ta karɓi sidi 9,500 a hannuna, ta lalata wa 'yata baki, ta kulle ɗakin da take aiki, sannan ta toshe lambata. Sidi 9,500, kuɗin da na tara daga cinikin atamfa a kasuwar Kejetiya, turmi bayan turmi, har da adashin da na kwasa.

Tun da maganar ta fita, babu abin da nake ji daga bakin mutane sai "araha ba ta ado", kamar dai na je na tsinci wani abu ne a bakin titi na cusa wa yarinya a baki. Wannan magana tana ƙona mini rai fiye da asarar kuɗin. Tun ina budurwa nake kasuwa, kuma da yatsa biyu nake bambance atamfar Holan da kwaikwayonta kafin mai kaya ya gama rantsuwa. Na yi tambaya kafin na biya. Na fara zuwa wani asibitin haƙori mai zaman kansa, aka ce mini wayar ƙarfe kuɗinta daban, ta seramik kuma za ta kai sidi 18,000, kuma katin inshorar lafiya na gwamnati ba ya ɗaukar irin wannan aiki. Da wannan matar ta ce sidi 9,500, sai na tambaye ta dalilin ragin a gaban 'yata, ta ce da kanta take shigo da kayanta daga Turkiyya, kuma ba ta biyan hayar babban gini a Adum. Duk ɗan kasuwa ya san cewa haya da dillali su ne suke ɗaga farashin kaya, don haka amsarta ta shiga hankali, kuma duk wanda ya zauna a kujerar da na zauna ita ce amsar da zai karɓa.

Abin da ba ya barina in yi barci shi ne ranar farko. Ɗakin yana hawa na biyu na wani bene, akwai kujerar likita ta gaske mai fitila a sama, akwai farar riga, akwai takarda a cikin firem a jikin bango. Ta gaishe ni da Hausa tsantsa, ta rusuna, ta ce, "Mma, sannu da hanya." Ta wanke hannunta a gabana, ta sa safar hannu, ta ɗauko wani ɗan kwali a rufe ta yage ledarsa ina kallo, ta zuba mini 'yan maɓallan nan farare da ake mannawa a jikin haƙora a tafin hannu domin in gani da idona. Sannan ta dafa kafaɗar 'yata ta ce, "Mma, wallahi da ƙanwata ce ciki ɗaya, wannan ɗin zan sa mata." Ta ambaci sunan Allah, hannunta a kafaɗar yarinyar. Da aka kira la'asar ma ita ce ta miƙo mini darduma. A nan take na tura mata sidi 6,000 ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu.

Har a wannan lokacin ban rufe ido ba. Da na sa lambar, sunan da ya fito a wayata na namiji ne, na tsaya na ce, "Dakta, wannan ba sunanki ba ne." Ta yi murmushi ta ce sunan maigidanta ne, shi ne yake riƙe mata asusun asibitin. Mata nawa ne a Zango suke kasuwanci da lambar mazajensu? Ni kaina akwai masu sarin kaya a wurina da haka suke biyana. Na nemi rasit, ta rubuta mini, ta buga hatimi. Rasit ɗin yana hannuna yanzu haka, kuma zan sa hotonsa.

Likitan da ya duba 'yata daga baya a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke ce wa Ji, shi ne ya fara nuna mini abin da aka yi mana. Ya tambaye ni ina hoton ƙashin da aka ɗauka kafin a sa wayar, na ce ba a ɗauki kowane hoto ba sai wanda matar ta ɗauka da wayar hannunta. Ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce babu likitan gaskiya da zai fara jan haƙori bai ga hoton saiwoyinsa da ƙashin muƙamuƙi ba, bai auni bakin ba, bai tabbatar dasashi lafiya yake ba, domin haƙori ba a saman nama yake zaune ba, a cikin ƙashi yake, kuma idan ana jansa a hankali ƙashin ne yake narkewa ta gefe ɗaya yana ginuwa ta ɗaya gefen. Shi ya sa aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ma fiye, ana komawa wurin likita duk bayan mako 4 zuwa 8, kuma bayan an cire wayar sai an ci gaba da sa abin da zai riƙe haƙoran kada su koma inda suka fito. Ita kuwa wata shida ta ce mana. Wata shida, kuma ta rantse a kai.

Amma kafin mu kai ga asibiti ma, ai maɓallan sun riga sun canza launi. Wannan ya faru ne tun kafin in biya sidi 1,500 na ƙarshe, bayan sidi 2,000 da ta karɓa a matsayin kuɗin ɗaure waya. 'Yata ta ci tuwo da miyar manja, washegari maɓallan da aka ce ba a ganinsu suka koma rawaya, kuma duk gogewar da ta yi da buroshi ba su koma fari ba. Na kira matar, ta ce laifin yarinyar ne, ta cika shan shayi da cin waake da shito. Daga baya ne likitan Ji ya bayyana mini cewa seramik na gaskiya ana yin sa ne da wani sinadari mai tauri da ake kira alumina, kuma shi kansa ba ya ɗaukar launin abinci. Abin da yakan yi rawaya shi ne 'yan zobban robar da ke riƙe wayar, su kuma ana canza su duk zuwa. Ya ɗauki maɓalli ɗaya daga cikin waɗanda ya cire, ya karce shi da bakin ƙarfensa a gabana, sai ga shi ya zana kamar murfin biro. Roba ce. Roba na saya a kan sidi 9,500, roba ce ta zuba mini a tafin hannu ranar da take ce mini Mma.

Wayar ma haka. Ya ce da siririyar waya mai laushi ta nikel da titaniyom ake farawa, wadda take ja a hankali, sai daga baya a kai ga mai kauri. Ita kuwa waya mai tauri ta sa tun ranar farko, ta murɗe ta da filaya. 'Yata ta kwana tana kuka, ta kasa tauna ko ƙosai, sai koko take sha da cokali. Na aika wa matar saƙon murya cikin dare, ta amsa da cewa haka abin yake, a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi a sha farasitamol. To wannan ita ce muguntar, domin gaskiya ne wayar haƙori tana ciwo na 'yan kwanaki bayan an ɗaure ta, na tambayi wata maƙwabciyata da ɗanta ya taɓa sawa ta tabbatar mini, don haka sai ƙaryar ta ɓuya a bayan gaskiya. Amma ciwon bai tafi ba. Dasashin ya kumbura, yana jini duk asuba, bakin ya fara wari, har yarinyar da na yi wannan abu domin ta daina rufe baki da mayafi in za ta yi dariya ta daina zuwa makarantar Islamiyya gaba ɗaya.

Gam ɗin da ta manna maɓallan da shi ma ba na haƙori ba ne. Likitan ya ce na gaskiya galibi da wata fitila mai shuɗin haske ake busar da shi, ni kuwa ban ga an haska wa 'yata komai ba, hura iska kawai ta yi. Wajen cirewa, duk da lallaɓawar da ya yi, farin ɓawon haƙora biyu ya ɗan ɓantare, kuma wannan ɓawo ba ya sake tsirowa. Haƙoran gaba biyu na sama suna motsi idan aka taɓa su. An ce mu jira watanni a gani ko za su sake kamawa, kafin ma a yi maganar sake daidaita su. Yarinya mai shekara 17.

Na koma benen nan ban san sau nawa ba. Ƙofa a kulle, an cire allon, mai shagon ƙasa ya ce da dare aka zo da mota aka kwashe kujerar. Shafinta na TikTok ya ɓace, amma wata ƙawar 'yata ta nuna mini wani sabon shafi da hotuna iri ɗaya da muryar da ba zan taɓa mantawa ba, sai dai sunan ya canza. Takardar nan ta jikin bango ma na ɗauki hotonta tun ranar farko, domin ni mai ajiye shaida ce, kuma da aka duba sunan da ke kai ba a same shi a rajistar likitoci ba. Mahaifin yarinyar har yau bai ce mini komai ba, kuma shirun nasa ya fi mini faɗa zafi. Ni kuwa abin da nake ta maimaitawa a raina shi ne hannun nan a kafaɗar 'yata da kalmar wallahi. Yaya mutum zai kalli uwa a ido, ya kira sunan Allah, ya karɓi sidi 6,000, ya dawo ya karɓi 2,000, ya sake karɓar 1,500, yana sane da cewa roba da gam ya sa wa 'yarta?

Na kai ƙara ofishin 'yan sanda, na kira lambar 292 ta hukumar tsaron intanet, kuma na rubuta takarda zuwa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana, wadda dokar 2013 mai lamba 857 ta ɗora wa alhakin yi wa likitoci rajista. Saboda binciken da ake yi aka ce kada in sa sunanta da fuskarta tukuna, amma hotunan hirarmu ta WhatsApp, da saƙonnin MoMo guda uku, da rasit mai hatimi, da hoton bakin 'yata kafin da bayan aikin, duk zan sa su a nan da zarar an ba ni izini. Ban goge ko ɗaya ba.

Ku kuma, kada ku bar kowa ya taɓa bakin ɗanku sai kun tabbatar da sunansa a rajistar majalisar likitoci, kun kuma ga lasisin wurin daga HeFRA, hukumar da ke ba wuraren kiwon lafiya lasisi. Idan babu hoton ƙashi, ku tashi ku fita. Wanda aka riga aka sa wa wayar wannan mata, kada ya ɓamɓare ta da kansa, ya tafi Ji ko wani asibitin haƙori mai rajista a wannan makon. Duk wanda ya taɓa biyanta, ko sidi 100 ne, ya aiko mini da saƙo a keɓe tare da shaidar biyansa, domin mu haɗa ƙarar wuri ɗaya.