Zaɓen manhajar kwaikwayon iska da ƙwayoyi a tukunya mai tafasa: abin dubawa kafin a biya kuɗi

Idan aka zuba yashi a cikin bututun gilashi aka hura iska daga ƙasa, da farko yashin yana nan kwance, amma da zarar ƙarfin iskar ya kai ya ɗauke nauyinsa, sai ya kumbura, kumfa ya riƙa tasowa yana fashewa a sama kamar kunu a kan wuta. A kan wannan dabara aka gina sashen da ke fasa mai mai nauyi ya koma fetur a matatun mai tun 1942 a Baton Rouge ta Amurka, kuma akwai irinsa a matatar Kaduna da ta Dangote. Da ita ake ƙona gawayin kwal, ake busar da hatsi, ake fitar da iskar gas daga ɓuntun shinkafa. Da yake ido ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin tukunyar ƙarfe mai zafi, injiniyoyi sun koma ga kwaikwayon kwamfuta.

Shawarata ga mai shirin saye ita ce ya fara sanin girman ƙwayarsa da girman tukunyarsa kafin ya tambayi sunan kamfani, domin waɗannan biyu ne ke yanke hanyar lissafin da za ta karɓe shi. Hanyoyin guda uku ne. Ta farko, wadda ake kira TFM, tana ɗaukar ƙwayoyin baki ɗaya a matsayin wani ruwa na biyu da ke cuɗanya da iska. Ta biyu, DEM, tana bin kowace ƙwaya da kowane karo da ta yi da 'yar uwarta, kuma Tsuji da abokan aikinsa a Japan ne suka haɗa ta da lissafin iska a 1993. Ta uku, MP-PIC, tana ƙulle ƙwayoyi masu yawa a dunƙule ɗaya, ta bi dunƙulen.

DEM ta fi sauran kusa da gaskiya, amma tsadarta a lokacin kwamfuta take. Ƙwayar hodar da ake amfani da ita a matatar mai kaurinta bai wuce kimanin maikiron 70 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wato kilo ɗaya kacal yana ɗauke da ƙwayoyi fiye da biliyan 3, alhali a tukunyar matata tan-tan ake zubawa. Saboda haka DEM ta dace da ƙaramin bututun ɗakin gwaji, ko da manyan ƙwayoyi irin masara da tsakuwa. Wanda aka ce masa za a bi masa kowace ƙwaya a tukunyar masana'anta, ya nemi a nuna masa lissafin kwanakin da aikin zai ci.

TFM kuwa tana da wani tarko da ya kamata a daɗe a kansa. Wani masani mai suna Geldart ya kasa ƙwayoyi kashi huɗu a 1973, A da B da C da D, kuma hodar matata tana cikin A. Ƙwayoyin wannan rukuni suna curewa cikin ƙananan gungu waɗanda iska ke ratsa gefensu, don haka idan idon ragar da manhaja ke raba tukunyar da ita don yin lissafi ya yi faɗi, lissafin ba ya ganin gungun, sai ya ɗauka iska tana jan ƙwayoyin fiye da yadda take yi, ya nuna hodar ta kumbura har wuya alhali a zahiri ba ta kai nan ba. Maganin shi ne ko dai a matse idon ragar ya zama ninki kaɗan na kaurin ƙwaya, abin da babbar tukunya ba za ta lamunta ba, ko a yi amfani da gyararren ma'aunin jan iska irin EMMS, wanda aka ƙirƙiro a cibiyar kimiyya ta ƙasar Sin. Manhajar da ba ta ba ka damar sauya wannan ma'auni ba, ko rubuta naka, ba ta cancanci kuɗinka ba.

Dangane da manhajojin kansu, MFiX ta cibiyar NETL da ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashi ta Amurka kyauta ce bayan rajista, kuma ta ƙunshi hanyoyin nan uku a wuri ɗaya, don wannan aiki musamman aka gina ta. A ganina ɗalibin digiri na biyu ko malamin jami'a ba shi da dalilin farawa da wata. OpenFOAM ita ma kyauta ce, ana haɗa ta da LIGGGHTS don bin ƙwayoyi, sai dai tana buƙatar mutumin da ya saba da Linux da rubuta shirin kwamfuta. Ansys Fluent da STAR-CCM+ ta kamfanin Siemens suna da sauƙin sarrafa tukunya mai sarƙaƙƙiyar siffa, ga ma'aikatan da za su amsa maka tambaya, amma lasisinsu yakan ƙaru da yawan ƙwaƙwalwar kwamfutar da za a yi aiki da su, don haka a tambayi wannan dalla-dalla. Barracuda ta kamfanin CPFD ta tsaya a kan MP-PIC, kuma ita matatu da masana'antu suka fi nufa idan tukunya ta kai tsayin bene, ko da yake tana sadaukar da cikakken bayanin karon ƙwayoyi don samun sauri.

Kafin a sa hannu a takarda, a nemi lasisin gwaji a jarraba shi da abin da aka auna da hannu. A zuba yashin da aka san nauyinsa a bututu, a ƙara iska sannu a hankali, a rubuta saurin iskar a lokacin da yashin ya fara motsi da tsayin da yashin ya kai. A wannan gaɓa bambancin matsin iska tsakanin ƙasa da sama yana daidai da nauyin yashin idan aka raba shi da girman filin bakin bututun, kuma manhajar da ta kasa fitar da waɗannan lambobi uku a ƙaramin bututu ba za a amince mata da tukunyar matata ba.