Dillalin da ya samo mana gida a Rumde Ajiya, Garwa

Jama'a masu ta tambayata kan dillalin nan, to ga amsa gaba ɗaya don wlh na gaji da maimaitawa. Sunansa ba zan sa ba, ɗan ofis ne dai da shi da yaro ɗaya mai goya mutane a mashin zuwa ganin gidaje.

Kowa ya san tun da aka yi kofin Afirka a Janairun 2022 aka gyara filin ƙwallo da hanyoyin da ke kewaye da shi unguwar nan ta zama ta 'yan gayu, ga kuma jami'ar Garwa da aka kafa a shekarar, malamai na neman haya, ma'aikatan kamfanin auduga na Sodecoton na nema, masu gidaje kuwa kai ya kumbura, gidan da bulo ne kawai da kwano sai ka ji an kira maka miliyoyin sefa ko kunya babu. Mu dai abin da ya ja mu shi ne makarantar yara kusa, masallaci kusa, kuma uwargida ba ta son nisa da kasuwa.

Inda mutumin ya burge ni gsky shi ne takardu. Gidan farko da na ƙyalla ido a kai, mai bishiyar mangwaro a tsakar gida, shi da bakinsa ya ce "Alhaji bar wannan, gidan gado ne, magada ba su gama sasantawa ba kuma takardar jauro (mai unguwa) ce kawai a hannunsu." Dillali fa, mai cin la'ada, yana hana ka saye! Ya zaunar da ni ya yi min bayani cewa a Kamaru tun dokar filaye ta 1974 titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, ita ce kaɗai shaidar mallaka, takardar jauro ko lawan (dagaci) komai yawan hatiminta ba ta kai nan ba, kuma cinikin gida mai titir in ba a gaban notar (jami'in da doka ta ba ikon rubuta da tabbatar da ciniki) aka yi ba doka ba ta san da shi ba. Da muka samu wani gidan, shi ya sa muka je ofishin filaye muka ciro takardar da ke nuna sunan mai gidan na yanzu da ko an jinginar da shi a banki, sannan aka kawo mai awo ya duba duwatsun iyaka, ashe katangar maƙwabci ta ɗan shigo ciki, aka daidaita kafin na fitar da ko sisi.

Amma fa yana da nasa. Gaggawa kamar me, kullum "wani Alhaji daga Marwa na zuwa gobe da kuɗi a hannu", har yau ban ga wannan Alhajin ba. Kuma la'ada bai faɗa ba sai da ciniki ya faɗa, sannan na gane yana karɓa wajena yana karɓa wajen mai sayarwa. Kuɗin notar da na rajista ma sai a ƙarshe na ji su, kuma ba kaɗan ba ne, ku tanade su daban.

Maganar ruwa kuwa ko kusa ba ya taɓa ta. Wanda ya ga ambaliyar kogin Binuwai ta 2012 lokacin da aka saki ruwan dam ɗin Lagdo ba sai an gaya masa ba, gidan da ka gani fes da rani je ka gan shi a watan Agusta, ko ka tambayi mai shagon layin ina ruwa ke kwanciya. Zafin Maris da Afrilu ma haka, gida in babu silin mai kyau da inuwa yara ba za su yi barci ba idan wuta ta ɗauke.

Zan sake aiki da shi? E, amma la'ada a rubuce tun ranar farko, notar kuma ni zan zaɓi nawa.