Lasisin Windows 11: na fara da na araha, na ƙare da na asali

Sai da na gama haɗa kwamfutar tebur da hannuna, na kunna ta, sannan na tuna cewa Windows ba ya zuwa a kwali ɗaya da kayan haɗi. Mai sayen laftof bai san wannan ciwon kan ba, domin kamfanin da ya ƙera ta ya riga ya biya, ya cusa kuɗin cikin farashinta. Irin wannan lasisin ake kira OEM. A manne yake da madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, kuma inda aka fara sa shi nan zai ƙare rayuwarsa.

Da na ga Microsoft na sayar da Windows 11 Home a kan dala 139, Pro kuma kusan dala 200, sai na ja da baya. Na je wani shafi da ke sayar da lambar kunnawa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Cikin minti biyar aka turo mini haruffa da lambobi 25 ɗin, na shigar, ta kama. Har da yi wa abokaina burga.

Ba a rufa wata huɗu ba rubutun nan mai neman a kunna Windows ya dawo ƙasan fuskar kwamfutar ta hannun dama. Mai shafin kuwa ko amsa saƙona bai yi ba. Daga baya na fahimci cewa da yawa daga cikin irin waɗannan lambobin na kamfanoni ne da makarantu masu saye da yawa a lokaci guda, wani ya ɓalle su yana sayarwa ɗaiɗai. Ranar da aka toshe su, kai da ka saya ba ka da wurin kai kuka.

Na yi makonni ina aiki haka. Gaskiya kwamfutar ba ta daina komai ba, hana ni sauya hoton bango da launuka kawai ta yi, sai kuma rubutun da ke tsone ido. Na ma ɗan zauna da Linux Mint, wani tsarin gudanar da kwamfuta da ake sawa a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma ya burge ni, amma manhajar da nake aikin zane da ita ba ta tafiya a kansa.

A ƙarshe na cije na sayi Home kai tsaye daga Microsoft, na haɗa lasisin da asusuna na Microsoft. Amfaninsa bai bayyana ba sai da madabod ɗin ya ƙone na sauya wani: na shiga asusun, na nuna cewa na canza kayan ciki, Windows ya sake kunnuwa ban biya ko sisi ba.

Kuɗin da nauyi, ba zan ɓoye ba. Pro kuwa ban ga dalilin sayensa ba, tunda ba na amfani da BitLocker mai kulle bayanan da ke cikin kwamfuta, ba na kuma shiga kwamfutata daga nesa.