Kilim ɗin tsohuwar Corolla: sharhi kan wani mai gyaran wutar mota a Tahoua

A Tahoua, da zarar kilim ɗin mota, wato na'urar sanyaya iska, ya daina sanyi, amsa ɗaya ce a bakin kowa: gas ya ƙare. A ƙara gas, a karɓi kuɗi, bayan kwana kaɗan ka koma shan zafi. Haka aka yi wa Corollata ƙirar 1998 a wani gareji, abin bai canza ba. Da safe sanyi kamar gaske, amma rana na take tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, sai iska mai ɗumi ta riƙa fitowa. Fankar ciki ma ba ta juyawa sai an kai ta lamba ta ƙarshe. Wani direban hanyar Konni ne ya nuna min wani mai gyaran wutar mota, dattijo mai ƙarancin magana, kuma aikinsa nake so in yi bayani a kai.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sukudireba ba sai da ya yi awo. Ya ɗaura agogon awon gas, ya duba, ya ce: "Alhaji, gas ɗinka lafiya lau, har ya so ya yi yawa. Ciwon a wuta yake." Ya bayyana min cewa akwai wani makunni da ke yanke wa kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas ɗin, wuta idan gas ya yi ƙasa sosai, haka ma idan ya yi yawa, don haka ƙarin gas barkatai kan iya ƙara ɓata lamarin. Irin gas ɗin motocin wancan zamanin R134a ne, wanda ya maye gurbin R12 a shekarun 1990, kuma ba a cakuɗa su.

Daga nan ya ɗauko mitar awon wuta ya bi hanyar tun daga tushe. Batir a kashe ya nuna volt 12.5, da aka tayar da mota ya hau wajen 14, alamar altanato na caji yadda ya kamata. Sai ya ce mu bar injin ya yi zafi, muka zauna a inuwa yaronsa na dafa shayi. Da kilim ɗin ya yanke, ya sa mitar a wayar da ke shiga kwamfaresa: volt 10 da ɗan wani abu. A nan ya tsaya. A gaban kwamfaresa akwai faifai da maganaɗisun lantarki ke jawowa, shi ne "ƙas" ɗin da kake ji idan ka kunna kilim. Idan waya ta yi zafi ƙarfin maganaɗisun yana raguwa, idan kuma wutar da ke isowa ta gaza, faifan ba ya kamawa. Dalilin ke nan da safe abin ke aiki, da rana ya ƙi.

Ina wutar ke ɓacewa? Ya zare rele ɗin kilim, wato ɗan makunnin da ke sakar wa kwamfaresa wuta, ya ɓalle murfinsa da ɗan wuƙa ya miƙo min. Bakin ƙarfen da ke haɗuwa ya yi baƙi ƙirin, ya ƙone ya yi gurbi-gurbi. Wayar masa, wadda ke haɗa batir da jikin mota, ita ma gindinta ya yi tsatsa da farin gari. Ya goge da takardar yashi har ƙarfen ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa giris. Faifan kuma ya cinye saboda tsufa, tazararsa ta buɗe, sai ya cire ɗan siririn zoben ƙarfe ɗaya daga bayansa ya maido da ita kusan rabin milimita. Wani wurin da sabuwar kwamfaresa za a ce ka saya.

Abin da ya ɗaga min hankali shi ne akwatin fizibil. Ɗaya daga ciki ya daɗe da ƙonewa, wani tun kafin motar ta zo hannuna ya naɗe shi da zaren tagulla. Dattijon ya girgiza kai ya ce da irin wannan motoci ke kamawa da wuta a tsakiyar hanya, domin fizibil an yi shi ne ya mutu a madadin waya. Ya sa sabo mai lamba daidai da wadda ke rubuce a murfin akwatin.

Ita fanka, ƴar rezistans ɗin da ke rage mata gudu ce ta ƙone, shi ya sa lamba ta ƙarshe kaɗai ke aiki, ita ce ba ta bi ta cikinta. Bai yarda ya canza ta haka nan ba. Ya kwance fankar daga ƙarƙashin gaban fasinja, ga ƙurar hunturu ta daskare a fukafukanta, har da tsinken kara da ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara. Fanka mai nauyi tana jan wuta fiye da kima, kuma ita ke ƙona sabuwar da za ka sa.

Sai dai akwai abin da zan faɗa a kansa. Ba shi da sauri ko kaɗan, wanda ke gaggawa kada ya je. Ba ya ajiye kayan gyara, ni na shiga kasuwa neman rele da rezistans, kuma sabbin da na tarar marasa nauyi ne a hannu, dole na koma kan na tsohuwar mota da aka kwance. Yana karɓar kuɗin awo daban ko da bai gyara komai ba, abin da mutanenmu ba su saba da shi ba. A ganina kuɗin sun halatta. Rumfar tasa ma ba ta ɗaukar mota biyu, sauran suna rana.

Da zan tafi ya ce in riƙa wanke ragar da ke gaban radiyato da ruwa mara ƙarfi, in duba kan batir duk lokacin canjin mai, in kuma kunna kilim na ɗan lokaci ko a watan sanyi don man kwamfaresa ya zagaya. Bayan tafiya mai gargada ya ce a leƙa filogan wayoyi, girgiza na kwance su. Tun daga lokacin na yi Konni na dawo da rana tsaka, kilim bai yanke ba, fanka kuma tana juyawa a dukkan lambobinta.