Sayen mota mai gudu: wadda aka taɓa injinta, ko wadda take yadda kamfani ya ƙera ta?

Duk wanda ke neman mota irin su BMW 335i, Golf GTI, Mercedes C63 ko Mustang a wurin dillalan Abuja, Kano ko Legas, da wuya ya gama zagaye bai ji an ce masa "Alhaji, wannan an yi mata aiki, ta fi ta kamfani gudu" ba. Mai sayarwa yana faɗin haka ne don ya ɗaga farashi. A kasuwar motoci kuwa, nan da waje, abin da aka saba gani shi ne akasin haka: kuɗin da aka zuba wa inji don ƙara masa ƙarfi ba ya dawowa ranar sayarwa, sau da yawa ma ragi yake jawowa. Don haka kafin ka yi tayi, ka fara sanin wace iri ce a gabanka, domin "an yi mata aiki" ba abu ɗaya ba ne.

Wadda ba a taɓa ba ita ce ma'aunin sauran. Kowane bakanike da ya san irin motar zai iya sa mata hannu, kayanta na nan da lambarsu, kuma duk mai nema zai iya sayenta a hannunka, daga matashi mai son gudu har dattijon da kawai yake son mota mai kyau. Yawan masu so shi ne ke riƙe farashi. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Toyota Supra ta shekarun 1990. Injinta, 2JZ, ya yi suna wajen ɗaukar ƙarin ƙarfi, har ya zama da wuya a samu wadda ba a buɗe ba. Sai ga shi a 2019 an sayar da wata ta 1994 da ba a taɓa ta ba, mai ɗan ƙaramin kilomita, a kan dala 121,000 a gwanjon Bring a Trailer na Amurka. Rashin taɓawar na cikin abin da aka biya.

Sai wadda aka taɓa wa birenbos (kwamfutar da ke sarrafa inji) kaɗai, wato abin da masu harkar ke kira Stage 1. Ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba. An dai sauya lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar motar, an ƙara iskar da turbo ke turawa, an sauya lokacin da fulogi ke ba da wuta. Kamfanoni irin su APR, Cobb da MHD da wannan suka shahara. A injin turbo sakamakon ba wasa ba ne: injin N54 na BMW 335i da ya fito a 2006 da ƙarfin doki 300 yana iya samun ƙarin doki 50 ko fiye ta wannan hanya kawai. A injin da ba shi da turbo, kamar mai lita 6.2 na C63, ƙarin bai kai haka ba.

A nan ne ya kamata mai saye a Nijeriya ko Nijar ya tsaya ya yi dogon tunani, saboda maganar mai. Akasarin waɗannan motoci daga gwanjon Amurka suke zuwa, irin su Copart da IAAI, kuma wanda ya yi musu saitin ya yi shi ne don fetur mai lamba 91 ko 93 a ma'auninsu na can, wato lambar da ke nuna yadda mai ke jure matsi a cikin inji. Ma'aunin Amurka ba ɗaya yake da namu ba. 93 ɗinsu ya kai kusan 98 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a Turai da nan. Gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa, na gama-gari, wanda yake ƙasa da haka sosai. Idan aka matsa wa irin wannan mai fiye da ƙarfinsa, sai ya fashe da kansa a cikin silinda ba a kan tsari ba, ya riƙa dukan fistin. Ga kuma zafin Afrilu a Kano ko Yamai da ke haura digiri 40, wanda ke ƙara tsananta matsalar. Motar kamfani tana da sarari da aka bar mata: sanso zai ji bugun, birenbos ya sassauta, motar ta ɗan yi nauyi amma inji ya tsira. Saitin ƙarin ƙarfi wannan sararin yake cinyewa. Motar da ta yi shekara biyar lafiya a Texas tana iya fasa ringi a kan hanyar Kaduna. Masu Subaru WRX STI sun san wannan ciwo tun a can ma, domin gefen fistin na injin EJ257 ya yi ƙaurin suna wajen tsagewa idan bugun ya yi yawa.

Amfanin wannan rukuni ɗaya ne: ana iya mayar da saitin kamfani. Idan mai sayarwa ya haɗa maka da na'urar da aka yi aikin da ita, kamar Accessport na Cobb, to ka mayar da motar kan saitin kamfani kafin ka cika tanki. A ganina irin wannan mota ta cancanci saye, amma a ƙasa da farashin wadda ba a taɓa ba, ba sama ba.

Mataki na biyu shi ne inda aka fara sauya ƙarfe: an sa babban bututu a bayan turbo, an cire indomi (matatar hayaƙi da ke jikin salansa), an sauya intakula (mai sanyaya iskar turbo) da gidan iska, salansa ta koma mai ruri. Matasa na son ƙarar, ba musu. Sai dai ka lissafa. Indomin asali na irin waɗannan motoci yana da tsada, kuma idan babu shi wutar cek, mai gargaɗin matsalar inji, za ta zauna a kunne, sai fa idan an kashe ta a cikin saitin, abin da ke nufin wata rana za ta ɓoye maka matsala ta gaske. Sannan ƙarfin da aka ƙara ba a inji yake tsayawa ba. Giyabos ne ke ɗaukarsa, da kuloci, da shaf. Golf GTI mai giyar hannu ta shahara da zamewar kuloci bayan an ƙara mata ƙarfi. Tambaya ɗaya za ta raba maka gardama: ina kayan asalin? Idan suna cikin but ko a ajiye a gida, darajar motar ba ta faɗi sosai ba. Idan an ce sun ɓata, ka cire kuɗin sayensu da na ɗaurawa daga tayinka.

Wadda aka yi wa babban aiki, aka sa ƙaton turbo, aka sauya nozul da famfon mai, wani lokaci har da fistin da kwanrod, ba ta mai neman motar hawa ba ce. Wanda ya haɗa ta ne kaɗai ya san cikinta, shi kuma yana wata ƙasa. Ranar da ta tsaya, bakanikenka zai buɗe bonet ya ga abin da babu shi a littafin kowa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan kana da wata motar ta zuwa aiki da kuɗin wasa, bismillah, amma ka sani masu sayenta a hannunka ba za su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Akwai rukunin da ya sha bamban, wato aikin da kamfani ya yi ko ya amince da shi. AMG ta fara ne a 1967 a matsayin masu gyaran Mercedes, daga baya ta zama ɓangaren kamfanin. Alpina ta samu rajista a Jamus a 1983 a matsayin mai ƙera mota, ba mai gyara kawai ba. Brabus, Dinan da Roush kuma suna ba da takarda da garantinsu. Irin waɗannan suna riƙe daraja, wani lokaci har su fi ta asali, saboda an san wanda ya yi aikin da abin da ya sa. Amma a kasuwarmu tambarin AMG da na M ɗin BMW a shagon kayan ado ake sayar da su, kuma Mercedes C300 da yawa na yawo da sunan da ba nasu ba. Lambar shasi ce ke faɗin gaskiya, ba rubutun da ke jikin but ba.

Wadda ta fi ba ni tsoro ba ta cikin duk waɗannan. Ita ce wadda aka yi wa aiki, aka ci moriyarta, sannan aka mayar da komai kafin a kai ta gwanjo. A ido ta kamfani ce, da farashin ta kamfani za a yi maka ciniki, amma injin ya sha wahalar da kilomitar da ke kan allo ba ta nuna ba. Su kansu kamfanonin sun san da wannan dabara. Volkswagen da Audi suna da alamar TD1 da suke liƙa wa mota a kundinsu idan kwamfutar dila ta gano an taɓa birenbos, kuma hakan na iya hana ta garantin inji. Rahoton Carfax kuwa hatsari da tarihin mallaka yake nunawa, ba kasafai yake nuna irin wannan ba.

Don haka sai ka zama mai bin sawu. Ka rubuta lambar shasi a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon suna nan, har da na cikin bonet, ka kwatanta da abin da ke gabanka. Ka sa a ɗaga motar a duba notocin bututun da ke bayan turbo: idan kawunansu sun goge ko sun fi na kewayensu sabunta, an taɓa kwance su. Ka nemi waya da aka yanke aka naɗe da salatef kusa da birenbos, domin na'urorin ƙara ƙarfi irin su JB4 a jikin wayoyi ake haɗa su. Ƙananan huji a jikin dashbod ko a ginshiƙin gilashin gaba alama ce ta wurin da aka taɓa ɗaura agogon auna iskar turbo. Ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka ga hayaƙin farko da idonka; shuɗi na nufin tana cin baƙin mai. Sannan a sa mata kwamfuta, a kuma yi gwajin kwamfireshan na kowace silinda. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Ko ba a taɓa mota ba, wasu injinan suna da ciwonsu na gado, kuma ƙarin ƙarfi yana gaggauta shi. Famfon mai na N54 ya jawo har BMW ta yi kiranyen motoci a Amurka a 2010. Idan ka ga takardar sauya irin waɗannan kayan, ta fi maka amfani nesa da jerin kayan gudu da mai sayarwa ke karanto maka.

Idan kuma kai ne ke da niyyar yi wa motarka aiki bayan ka saya, ka ajiye duk abin da ka cire, ka riƙe rasit, ka nemi saitin da ya dace da man da kake samu a unguwarku ba wanda ya fi yawan doki a talla ba. Ranar sayarwa ka mayar da kayan asali, ka sayar da na ƙarin daban ga masu nemansu, domin a haka suka fi kuɗi fiye da a jikin mota. Sannan ka gaya wa mai saye abin da aka taɓa yi mata, ya yi tayinsa yana sane.